Haƙƙin Kare a Kan Mai Shi Ranar Tafiya Cikin Bazara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Bayan haka, ba mamaki wani ya dubi kan maganarmu ta wannan fitowa ya tambaya: me ya haɗa shafin iyalan Musulmi da zancen kare? Amsar tana kwance a bakin ƙofofinmu. A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, gidaje da dama suna da karen gadi. Mai garka yana da nasa, makiyayi yana da nasa, maharbi kuwa ba a ma magana. Sannan ga samarinmu, waɗanda ranar da babu makaranta sukan ɗauki sanda da gora su nufi bayan gari, wasu su hau tsaunukan hayin kogi a Yamai, wasu duwatsun Damagaram, wasu tudun Dogon Dutsi, su yini a ƙafa kare yana biye da su. Faransawa suna kiran wannan randonnée, mu kuwa tattaki muka san shi, kuma abu ne mai amfani ga lafiya da buɗe ido. Cikin sanyin Disamba da Janairu babu abin fargaba mai yawa. Amma daga watan Maris zuwa saukar ruwan farko, tafiyar da mutum zai dawo daga gare ta da gajiya kawai tana iya zama ajalin dabbar da ta bi shi.

Kare ba ya zaɓen ranar tafiya, ba ya zaɓen sa'arta, ba ya ɗaukar wa kansa ruwa, kuma ɗabi'arsa ce ya bi ubangidansa ko da ƙarfinsa ya ƙare. Saboda haka duk lissafin da ya kamata a yi a wuyan mai shi yake, kuma shi za a tambaya a kansa gobe kiyama.

Abin da malamai suka ce

Mu fara da abin da ke kai-komo a zukatan mutane da yawa. Hadisai ingantattu sun nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ba, ba kuma don tsaron dabbobi ko shuka ba, ana rage masa lada a kowace rana. Malaman da suka zo daga baya sun haɗa da tsaron gida idan akwai bukata ta gaskiya. A Suratul Ma'ida, aya ta 4, Allah Ya halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, bisa sharuɗɗan da littattafan fiƙihu suka bayyana. A mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawanmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Imamu Shafi'i da wasu malamai suna ganinsa najasa. Wannan saɓani ne na malamai, kowanne da hujjarsa, kuma ba shi muke tafe da shi ba yau.

Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne, wanda ya riƙe dabba a hannunsa wajibi ne ya ciyar da ita, ya shayar da ita, kada kuma ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Dukanmu mun ji labarin da Abu Huraira (RA) ya ruwaito, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, na matafiyin da ƙishirwa ta kama a hanya, ya gangara rijiya ya sha, da ya fito sai ya tarar da kare yana haki yana lasar danshin ƙasa. Ya sake gangarawa, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hauro ya shayar da karen, Allah Ya gafarta masa saboda wannan. A lura, karen nan ba nasa ba ne, a hanya ya tsince shi. To ina ga wanda da hannunsa ya kwance nasa daga inuwar gida ya fito da shi cikin rana?

Akwai kuma wata mas'ala a babin taimama da ɗaliban Muhtasar na Shehu Halil suka sani. Idan matafiyi yana da ruwa kaɗan, ya ji tsoron cewa in ya yi alwala da shi ƙishirwa za ta halaka wata rai mai alfarma da ke tare da shi, to ya shayar da ita, shi kuma ya yi taimama. Masu sharhi sun bayyana cewa karen da shari'a ta yi izinin riƙewa yana cikin wannan. Wanda ya san haka ba zai ɗauki ɗibar wa karensa ruwan tafiya a matsayin ɓata lokaci ba.

Yadda jikin kare yake fama da zafi

Allah Ya halicci ɗan Adam da fatar da ke fitar da gumi daga kai har ƙafa, kuma idan gumin ya bushe yakan tafi da zafin jiki. Kare ba haka yake ba. Ɗan gumin da yake yi a tafin dagi ne, bai taka kara ya karya ba. Babbar hanyarsa ita ce haki: ya buɗe baki, ya zaro harshe, iska ta riƙa shiga tana fita da sauri tana busar da danshin harshe da hanci da maƙogwaro. Karen da ke kwance lafiya yakan yi numfashi sau 15 zuwa 30 a minti ɗaya, amma mai haki yana iya kaiwa sau 300 ko fiye.

Wannan hanya tana da iyaka. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Selsiyus. Ranar da iska ta kai digiri 42, abin da yake shaƙa ya fi jininsa zafi, ba abin da ya rage masa sai bushewar danshin bakinsa, wannan kuwa da ruwan jikinsa yake biya. Idan aka shiga Mayu da Yuni, hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi da laima, danshin ma ba ya bushewa da sauri, sai ya yi ta hakin banza. Shi ya sa ranar gumi mai ɗaure jiki ta fi ranar busasshen zafi haɗari gare shi. Haka nan zafin da muke ji ana faɗi a rediyo, a inuwa ake auna shi, a tsayin da ya kai ƙirjin mutum ko fiye. Cikin kare kuwa bai fi kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa ba, inda turirin rairayi da marmara ke tasowa. Idan zafin jikinsa ya haura digiri 41 ya shiga haɗari, in ya ƙara gaba kuma ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta da hanji sukan fara lalacewa, jini ya rikice wajen daskarewa.

A shekarar 2020 masu bincike a Ingila, ciki har da na babbar kwalejin likitocin dabbobi ta Landan, sun buga sakamakon nazarin da suka yi a kan takardun asibiti na karnuka fiye da 900,000. Sun gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na karnukan da zafi ya kayar, motsa jiki ne sanadi, wato tafiya da gudu da wasa. Cikin waɗanda abin ya sama a shekarar 2016, kusan ɗaya cikin bakwai ya mutu. Wannan fa a ƙasar da digiri 30 ake kira tsananin zafi. A birnin Finiks na jihar Arizona ta Amurka, wanda yake cikin hamada kamar mu, tun shekarar 2016 hukumar birnin ta hana hawa hanyoyin tsaunukanta da kare duk ranar da zafi ya kai digiri 38. In da za a ɗora mana wannan doka, da kusan duk watan Afrilu a rufe yake, domin tsaka-tsakin zafin rana a Yamai cikin wannan wata yakan kai digiri 41. Ba mu kuma manta da bazarar 2024 ba, wadda ta faɗo cikin azumi, lokacin da aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali ranar 3 ga Afrilu.

Kowane kare da nasa ƙarfi

Wani zai ce, ai karnukanmu na gida da rana aka haife su. Akwai gaskiya a ciki. Karen Azawak, wanda Abzinawa ke kiwo a kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali, yana da dogayen ƙafafu da siririn jiki da gajeren gashi, duk abubuwan da ke taimakon jiki ya saki zafi. Karen ƙauye na ƙasar Hausa ma yana da rabonsa na wannan siffa. Amma duk wanda ya zauna da makiyaya ya san cewa waɗannan karnuka da rana tsaka ba sa yawo. Sukan tona ƙasa a gindin itace ko a gefen tanti har su kai wurin sanyi, su kwanta sai la'asar. Juriyarsu rabinta halitta ce, rabinta kuwa an bar su ne su huta a lokacin da jikinsu ya nema.

Karnukan da ake shigowa da su daga waje don gadi su ne abin tausayi. Karen nan na Jamus mai gashi biyu, da manyan karnuka masu nauyi, da masu gajeren hanci da fuska a tauye waɗanda numfashi ke yi wa wuya ko cikin sanyi, duk ba na tattakin bazara ba ne. Haka tsohon kare, da ɗan kwikwiyo, da mai ƙiba, da karya mai ciki ko mai shayarwa, da wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba. A ƙara da karen da ya shekara ɗaure a sarƙa a lungun gida. Ko na gida ne, jikinsa bai saba da tafiya ba, kuma zalunci ne a kwance shi rana ɗaya a ce ya yi kilomita goma. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara da gajeren zagaye da sanyin safiya, ana ƙarawa kaɗan kaɗan na tsawon sati biyu, kafin a yi tunanin tafiya mai nisa.

Sa'ar fita da zafin ƙasa

Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a jinkirta sallar azahar har rana ta ɗan sassauta a ranakun tsananin zafi. Idan sauƙi ya kai ga salla, to yawon shaƙatawa ya fi cancantar a nema masa sa'a. A bazara, tafiyar yini ta gaskiya tafiyar safiya ce da ta marece, tsakaninsu kuwa hutu ne. A fita da an idar da sallar asuba, a tsara hanya yadda kafin ƙarfe tara an iso gida ko an kai inuwar da za a yini. Mai tafiya a natse yakan ci kilomita 4 a awa ɗaya, saboda haka awa uku ba za su ba shi fiye da kilomita 12 ba, kuma da hutu da hawan dutse gara ya ƙiyasta 8. A tuna kuma karen da aka saki yana gaba yana baya, yana bin ɓera yana bin zabuwa, tafiyarsa ta ninka ta ubangidansa. Igiya doguwa tana rage masa wannan asara. Komowa kuwa sai bayan la'asar sakaliya. Ranar da aka wayi gari tun da safe iska ba ta motsi, gumi na zuba ana zaune, to a bar kare a gida da ruwansa a inuwa, wannan ma yana cikin haƙƙinsa.

Sai zancen ƙasa. Mu muna da takalmi, shi babu. Likitoci sun auna cewa a ranar da iska take digiri 31 kawai, kwalta tana iya wuce digiri 60, zafin da ke sa fata ta yi bororo cikin ɗan lokaci. Rairayi da baƙin dutse da marmara ba su fi kwalta sauƙi ba. Gwajin da kowa zai iya yi shi ne ya ɗora bayan hannunsa a ƙasa ya ƙirga bakwai a hankali. In bai iya jurewa ba, dagin kare ma ba zai jure ba. Karen da ya fara ɗingishi, ko yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ko yana tsayawa yana lasar dagi, a tsaya a duba shi. Wani lokaci ƙuna ce, wani lokaci kuma karangiya ce ko tsidau ko ƙayar aduwa ta shige tsakanin yatsu. A kowane zango a duba ƙafafun huɗu, a dawo gida kuma a bincika kunnuwa da wuya saboda kaska. Kada a bar shi yana cusa hanci cikin ramuka da ƙarƙashin duwatsu, domin sanyin da yake nema a wurin shi kububuwa da kunama suka riga shi nema.

Ruwa da inuwa

Kare yana bukatar kimanin mililita 50 zuwa 60 na ruwa ga kowane kilo na nauyinsa a rana ta yau da kullum. Mai kilo 20 ke nan yana shan lita ɗaya da ɗan ɗori yana zaune a gida. Ranar tafiya cikin zafi abin yakan ninka. Saboda haka a ware masa lita biyu nasa na sha, ban da lita biyu ko uku na ubangidansa, ban da kuma wanda za a ajiye don jiƙa masa jiki. Jimla ta kai lita biyar zuwa shida, nauyin kilo biyar zuwa shida. Wanda ya ga kayan sun yi masa yawa, hanyar zai rage, kada ya rage ruwan. Ƙa'idar matafiya ta dā tana nan: idan an sha rabin gora, a juya gida, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba.

A riƙa ba shi kaɗan kaɗan duk minti 15 zuwa 20, kada a jira sai ya galabaita ya kwankwaɗa da yawa ya amayar. Ruwa zalla ya ishe shi. Ruwan gishiri da sukari na mutum ne, domin mutum ne ke zubar da gishiri cikin gumi. A tafi masa da kaskonsa ko ƴar robarsa ta musamman. Wannan yana kiyaye tsarkin butar alwala da gorar sha, yana kuma hana rigima a bakin rijiya, domin babu ƙauyen da zai yarda baƙo ya bar karensa ya sa baki cikin guga. Kada a bari ya sha ragowar tabkin da ya kusa ƙafewa, wanda ya yi kore yana wari, saboda irin wannan ruwa yakan ɗauki guba da cuta. Abinci mai nauyi kuwa a bari sai an dawo jiki ya huce.

Inuwa ma sai an san inda take tun kafin a fita. Kuka a bazara ba ta da ganye, girmanta ba ya tsare rana. Gawo shi ne abokin matafiyin rani, domin shi da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. Tsamiya da bedi da mangwaro inuwarsu mai kauri ce. Aduwa tana da inuwa, sai dai a share ƙaya kafin a zauna. Idan an sauka, a ture rairayin sama da ƙafa har a kai mai sanyi, a yayyafa ruwa, a bar kare ya shimfiɗa cikinsa. Kada a ɗaure shi da gajeriyar igiya a inda inuwa za ta gushe ta bar shi, kada a sa masa takunkumin da ke matse baki ya hana shi haki, kada kuma a rufe shi cikin mota ko da na minti goma ne.

Alamomin haɗari da agajin farko

Alama ta farko ita ce hakin da ba ya lafawa ko bayan an huta a inuwa. Harshe yakan yi tsawo da faɗi ya yi ja sosai, miyau ya yi kauri yana dalala, dasashi ya bushe ya yi danƙo. Kare ya fara zama baya, yana neman kowace ƴar inuwa yana kwanciya, ana kira ba ya kulawa. Wannan ba taurin kai ba ne, kuma duka ba ya maganinsa. A nan ya kamata tafiya ta ƙare. In aka matsa masa, sai amai da zawo su biyo, wani lokaci da jini, sai tangaɗi kamar mai maye, dasashi ya koma fari ko shuɗi-shuɗi, daga nan sai faɗuwa da jijjiga da suma.

Shawarar likitocin dabbobi a yau ita ce a fara sanyaya jiki nan take, sannan a nemi hanyar asibiti, domin mintocin farko su ne ke raba mai tashi da mai mutuwa. A ɗauke shi zuwa inuwa, a kwance masa duk abin da ke wuyansa. A kwarara masa ruwa a jiki har ya ratsa gashi ya taɓa fata, musamman wuya da ciki da hammata da matsematsi, ana yi ana fifita shi da malafa ko faifai ko kwali. Duk ruwan da ya fi jikinsa sanyi yana aiki, na randa ko na rijiya, kuma wanda ya fi sanyi ya fi. In akwai kogi ko kwamin ruwa kusa, kuma karen yana cikin hayyacinsa, a tsoma jikinsa a riƙe kansa a sama. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ko zane, domin lulluɓi yana tsare zafi. In yana iya sha da kansa a ba shi kaɗan, amma kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, zai shige masa huhu. Kada a ba shi ƙwayoyin zazzaɓi na mutane: ba sa sauke irin wannan zafi, kuma wasu kamar ibuprofen guba ne gare shi. Idan numfashi ya lafa, ko ma'auni ya nuna kusan digiri 39 da rabi, a dakatar da zuba ruwa. Bayan haka a kai shi wurin likitan dabbobi ko ofishin ma'aikatar kiwo ko da ya miƙe yana kaɗa wutsiya, saboda ɓarnar ƙoda da ta jini takan ɓuya kwana ɗaya ko biyu kafin ta bayyana.

Zafi daban, hauka daban

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutane, wai zafin rana ne ke haukatar da kare. Ba haka ba ne. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke shiga ta cizo ko yaƙushi ko miyan dabbar da ta kamu. Sai dai alamomin biyu sukan yi kama a ido: dalalar miyau, tangaɗi, rikicewa. Saboda haka karen da zafi ya kayar a bakin wani ƙauye yana iya gamuwa da sanduna da duwatsu kafin ubangidansa ya buɗe baki. Wanda ya yi wa karensa allurar rigakafi a kan kari, yana riƙe da takardarta, ya tsare dabbarsa kuma ya tsare ƴaƴan mutane.

Tsoron da jama'a ke yi yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Idan alamominsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Don haka kada yara su taɓa karen da ba su sani ba wanda suka tarar a kwance yana dalala, su kira manya. Wanda kuwa kare ya ciza ko ya yaƙusa, ko da na gida ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ganin abin da zai faru.

Kira ga iyaye da samari

Ya ku iyaye, mafi yawan masu fita da karnuka yara ne da matasa, kuma zafin da ke kayar da kare yana kayar da yaro. Kafin su fita ku tambaye su ina za su, su nawa ne, ruwa nawa suka ɗauka, ƙarfe nawa za su dawo. Ku bincika ko yankin lafiya yake, domin wuraren da aka saba zuwa shekarun baya ba duka ne ke da kwanciyar hankali ba a yanzu. Kada su haɗa azumi, ko na nafila ne, da tattakin bazara. Yaron da ya dawo da ciwon kai da jiri da kasala, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fara sambatu ko ya suma, asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ku kuma samari, hanya tana da haƙƙi. Ku riƙe igiya idan kun kusanci gari ko garke ko masallaci, kada karenku ya kori tumakin makiyayi ko zabin mutane, kada ya firgita mata a bakin rijiya. Abin da ya ɓata, ku ne za ku biya. Kuma idan abokai suna cewa saura kaɗan a kai kan dutse, alhali kare ya kwanta yana haki, wanda ya ce a juya shi ne mai hankalin tafiyar. Dutsen yana nan har watan Disamba, lokacin da za a hau shi cikin sanyi ba tare da an cuci kowa ba.

Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙan halittunSa, Ya kawo mana damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu da dabbobinmu daga sharrin zafi da cuta. Sai mun sake haɗuwa a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.